Kalmar “Assoil”: Ma'anarta, Asalinta, da Abin da Take Koya Mana Game da Gafara

Wanda yake karanta tsofaffin littattafan Turanci a kan tarihin ikilisiya, musamman na zamanin da ya gabaci Gyaran Ikilisiya na ƙarni na 16, yakan ci karo da wata kalma da ba a koyar da ita a makaranta. Kalmar ita ce assoil, ana furta ta “asoyil”. Idan ka duba ƙamus, zai gaya maka cewa tsohuwar kalma ce da aka daina amfani da ita, kuma ma'anarta ita ce a gafarta wa mutum laifinsa. Wannan bayani daidai ne, sai dai ya yi kaɗan. Akwai lokacin da manomi da sarki a ƙasar Ingila duk suka san wannan kalma, suna jin ta a bakin firist, suna karanta ta a kan kaburbura, suna kuma rubuta ta a wasiƙu. A cikinta akwai wani hoto na gafara da ya kamata mai bi ya riƙe: mai laifi ɗaurarre ne, gafarta masa kuwa kwance shi ne.

Abin da kalmar take nufi

Assoil aikatau ne, wato kalma mai nuna aiki. Ta bayyana a rubuce-rubucen Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 13, kuma an yi amfani da ita ta hanyoyi da dama. Babbar ma'anarta ita ce a 'yantar da mutum daga zunubinsa bayan ya furta shi ya tuba. Ana kuma faɗinta idan an maido da wanda aka fitar daga zumuntar ikilisiya, aka ɗage masa hukuncin da ke kansa. A kotu, tana nufin a wanke wanda ake tuhuma. Idan mutum ya yi rantsuwa ko alkawari, sannan mai iko ya sauke masa wannan nauyi, ita ce kalmar da ake amfani da ita. Har wanda ya warware kacici-kacici, ko ya amsa wata tambaya mai sarƙaƙiya, akan ce ya yi wannan aiki.

Zunubi, horon ikilisiya, tuhuma, rantsuwa da kacici-kacici, me ya haɗa su? Kowannensu ƙulli ne. Akwai abin da ya riƙe mutum ko ya riƙe magana, ana bukatar wanda zai sa hannu ya kwance. Asalin kalmar shi ne zai nuna dalilin haka.

Tushenta a harshen Latin

Kakar wannan kalma ita ce absolvere ta harshen Latin, harshen mutanen Roma. Kalmar gaɓa biyu ce. Ab tana nufin “daga”, solvere kuma tana nufin kwancewa, kamar yadda ake kwance igiya, ko a saki jirgin ruwa daga inda aka ɗaure shi. Idan aka haɗa su, ma'anar ita ce “a kwance daga”.

Mutanen Roma suna ganin bashi kamar igiya. Kalmarsu ta nauyin da ke kan mutum ita ce obligatio, wadda ta fito daga ligare, wato ɗaurewa. Wannan kuwa ya wuce salon magana. Tsohuwar dokarsu da aka rubuta wajen shekara 450 kafin haihuwar Almasihu ta ba mai bin bashi damar kama wanda kotu ta tabbatar ya kasa biya, ya sa masa mari, ya riƙe shi har kwana 60. Saboda haka a Latin, biyan bashi ma solvere ne, domin wanda ya biya ya kwance kansa. Daga wannan tushe ne Turanci ya samu solve, warware matsala, da insolvent, wanda ya kasa biyan basussukansa.

A kotunan Roma kuma, akan ba kowane mai yanke hukunci ɗan allo mai shafen kakin zuma. Idan ya ga wanda ake tuhuma ba shi da laifi, sai ya jefa allonsa cikin tulu da harafin A a jikinsa, mai tsayawa a madadin absolvo, “na kwance”. Idan ya same shi da laifi, sai harafin C, na condemno, “na hukunta”. Tun kafin ikilisiya ta ɗauki kalmar, ta riga ta zama kalmar bashi da ta shari'a. Da masu bi na yammacin daular suka fara yin sujada da koyarwa cikin Latin, sai suka same ta a shirye, ta dace da abin da Littafi Mai Tsarki yake faɗi a kan zunubi: bashi ne da mutum ba zai iya biya ba, tuhuma ce kuma da ba zai iya kare kansa daga gare ta ba.

Daga Faransa zuwa Ingila

Latin bai mutu farat ɗaya ba. A bakin talakawa ya riƙa sauyawa har ya haifi Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci da sauransu. A ƙasar Faransa, absolvere ta goge kamar tsohon kwabo. Harafin b ya narke cikin s, kalmar ta koma assoldre. Idan mutum zai ce “na kwance”, sai ya ce assoil. Idan kuma zai yi roƙo ya ce “Allah ya kwance”, sai ya ce assoille. Waɗannan siffofi biyu su ne aka fi ji a coci, su ne kuma suka tsallaka zuwa Turanci.

Hanyar tsallakawar ita ce yaƙi. A shekara ta 1066, Wiliyam mai mulkin Nomandi da ke arewacin Faransa ya ci Ingila da yaƙi, ya zama sarkinta. Daga nan har tsawon kusan shekara 300, Faransanci ne harshen fada da na manyan mutane da na kotu, yawancin bishop-bishop ma masu jin Faransanci ne. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa gudanar da shari'a da Turanci. A wannan tsakani dubban kalmomin Faransanci suka shiga Turanci, musamman na mulki da shari'a da addini. Mai jin Hausa ba zai yi mamaki ba, don ta irin wannan hanya ce “alƙali” da “hukunci” da “gafara” suka shigo mana daga Larabci.

Turawan Ingila suna da tasu kalmar tun asali, wato forgive, wadda aka gina a kan give, bayarwa. Suna kuma da shrive, wadda ta fito daga kalmar Latin ta rubutu, tana nufin firist ya saurari furcin zunubi ya tsara wa mai tuba abin da zai yi. Pardon ta zo daga Faransanci, ita ma tushenta kyauta ne. Kowace kalma da gefen da take haskawa. Forgive aiki ne na kowa da kowa, maƙwabci zai iya yi wa maƙwabcinsa. Assoil kuwa tana da nauyin hukuma, ana sa ran jin ta daga wanda yake da ikon kwancewa.

A bakin firist da kan kabari

Abin da ya sa kalmar ta shiga kowane ƙauye a Ingila ya faru ne a birnin Roma. A shekara ta 1215, Paparoma Innocent na III ya kira babban taron ikilisiya a fadar Lateran, wanda shi ne na huɗu da aka yi a wurin. Taron ya zartar cewa kowane mai bi, namiji ko mace, da ya kai shekarun sanin ya kamata, dole ne ya furta zunubansa a gaban firist ɗinsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma ci Jibin Ubangiji aƙalla a lokacin Ista. An kuma haramta wa firist tona abin da ya ji. Daga wannan lokaci kowa ya san cewa sau ɗaya a shekara zai durƙusa ya jira kalmar kwancewa. Firist yakan faɗe ta da Latin, amma idan mutane suna ba da labari da harshensu, assoil suke cewa.

A wannan ƙarni ne kuma wani canji ya kafu, wanda ya jawo muhawara daga baya. A ƙarnonin farko, abin da firist yake faɗi a kan mai tuba addu'a ce, yana roƙon Allah ya kwance shi. A ƙarni na 13, ikilisiyar yamma ta tsaya a kan furci kai tsaye, inda firist yake cewa shi ya kwance mai tuban cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Babban malamin tauhidi Thomas Aquinas ya kare wannan tsari, yana mai cewa firist yana aiki ne a matsayin bawan Almasihu, da ikon da aka ba manzanni. Ikilisiyar Girka ta gabas kuwa ta ci gaba da salon addu'a.

Wuri na biyu da aka fi ganin kalmar shi ne wajen ambaton matattu. A kan kaburbura da cikin wasiyyoyi da wasiƙu, idan an kira sunan mamaci, akan biyo shi da roƙon Allah ya yi masa assoil. Wasiƙun gidan Paston, wani iyali na yankin Norfolk da rubuce-rubucensu na ƙarni na 15 suka tsira har yau, suna ɗauke da wannan al'ada. Kusan daidai take da yadda Bahaushe ba ya ambaton marigayi ba tare da ya ce “Allah ya jiƙansa” ko “Allah ya gafarta masa” ba. A nan kalmar ta koma hannun mai ita, domin babu firist ɗin da zai iya bin mutum cikin kabari ya kwance shi.

Lokacin da aka mai da ita haja

Duk abin da mutane suke matuƙar bukata, za a samu mai neman sayar da shi. A Turai ta wancan zamani akwai wasu mutane da aka ba izini su zaga gari-gari suna tara gudummawa domin asibitoci da ginin coci da gadoji. A madadin gudummawar suna sanar da sassauci daga horon da ke biyo bayan zunubi. A koyarwar ikilisiya ta lokacin, wannan sassauci ba gafarar zunubi ba ne, kuma yana aiki ne kawai ga wanda ya riga ya tuba ya furta. Waɗannan masu yawo ba a ba su ikon kwance kowa daga zunubi ba. Amma talaka bai san wannan bambanci ba, da yawa daga cikinsu kuwa ba su da niyyar sanar da shi.

Marubutan Ingila na ƙarni na 14 sun yi wa wannan hali tsirara, kuma kalmar assoil tana tsakiyar zargin. Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya sa irin wannan mutum cikin matafiyan littafinsa The Canterbury Tales. Mutumin yana yawo da jaka cike da takardun sassauci, da ƙasusuwan alade da yake cewa na tsarkaka ne. Da bakinsa ya gaya wa abokan tafiyarsa cewa kullum wa'azinsa a kan son kuɗi ne, shi kuwa kuɗin kawai yake nema. Bayan ya gama tona kansa, sai ya juya ya ce su kawo baiko ya kwance su. William Langland kuma, a cikin Piers Plowman, ya kawo wata mace mai suna Meed, wadda sunanta yake nufin lada ko toshiyar baki. Wani malamin addini ya saurari furcinta, ya kwance ta nan take, sannan ya shiga yi mata maganar wata tagar cocinsu mai bukatar gilashi, da alkawarin za a rubuta sunanta a jiki.

A daidai wannan zamani John Wycliffe, malami a Oxford wanda ya rasu a 1384, ya koyar cewa Allah ne kaɗai yake gafarta zunubi, kuma furcin firist ba shi da amfani idan bai yi daidai da hukuncin Allah ba. Bayan fiye da shekara 130, a 1517, Martin Luther ya fito da batutuwansa 95 a Jamus a kan cinikin takardun sassauci. Ikilisiyar Katolika ita ma ta ɗauki mataki: taron Trent ya soke aikin waɗannan masu yawon tara kuɗi a 1562, Paparoma Pius na V kuma ya soke duk sassaucin da aka haɗa da biyan kuɗi a 1567.

Yadda kalmar ta ɓace

Abubuwa uku ne suka haɗu suka ture ta. Na farko, ta samu kishiya daga cikin gida. A ƙarni na 15 masu ilimi suka koma Latin kai tsaye suka ɗauko absolve, wadda ita da assoil uwarsu ɗaya. Sabuwar ta fi kama da Latin, don haka malamai suka fi son ta. Da Thomas Cranmer ya shirya littafin addu'a na Ikilisiyar Ingila da Turanci a 1549, absolve ce ta shiga ciki.

Na biyu, masu fassara Littafi Mai Tsarki ba su ɗauke ta a matsayin kalmar gafara ba. William Tyndale, wanda ya buga Sabon Alkawari da Turanci a 1526 daga Helenanci, ya guji kalmomin da jama'a suka saba haɗawa da durƙuso a gaban firist. Fassarar Sarki James ta 1611 ta bi sawunsa a wurare da yawa, ta yi amfani da forgive da pardon da remit da loose. Kalmar da ba ta cikin Littafi Mai Tsarkin da ake karantawa kowace Lahadi, da wuya ta daɗe a bakin mutane.

Na uku, al'adun da suka riƙe ta sun kau. Furcin shekara-shekara ya daina zama dole a Ingila. A 1547 aka rufe gidajen da aka keɓe don yi wa matattu addu'a, littafin addu'a na 1552 kuma ya cire roƙo domin matattu daga hidimar jana'iza. Daga nan kalmar ta zama ta masu son tsohon salo. Edmund Spenser ya yi amfani da ita a ƙarshen ƙarni na 16, marubutan labaran tarihi irin su Walter Scott kuma suka sa ta a bakin mutanen dā a ƙarni na 19. Da aka manta asalinta, sai wasu suka riƙa zaton tana da dangantaka da soil, kalmar da ke nufin ɓata abu da datti. Kamar sauti ce kawai, tushensu daban.

Inda ta saura da rai

Akwai wuri ɗaya da kalmar take aiki har yau, wato kotunan ƙasar Sikotland, wadda take da tsarin shari'arta daban da na Ingila. A can ana rubuta ta assoilzie, amma ba a furta z ɗin. Harafin ya maye gurbin wani tsohon harafi ne mai sautin y, wanda masu buga littattafai na farko ba su da shi a ɗab'insu, sai suka sa wanda ya fi kama da shi.

Yadda lauyoyin Sikotland suke amfani da ita yana da darasi. A ƙarar da ba ta aikata babban laifi ba, kamar ta bashi ko ta saɓa yarjejeniya, wanda aka kai ƙara zai iya fita ta hanya biyu. Alƙali zai iya korar ƙarar, misali don ba a shigar da ita yadda ya kamata ba. Mutumin zai koma gida, amma mai ƙara yana da damar gyara takardunsa ya sake dawowa. Hanya ta biyu ita ce alƙali ya yi masa assoilzie, ya ba da hukuncin da ake kira absolvitor. Wannan ya rufe maganar. Mai ƙara ba zai sake kai shi kotu a kan wannan batu da wannan hujja ba. Mu ma muna jin irin wannan bambanci a labaran kotu, tsakanin “kotu ta kori ƙarar” da “kotu ta wanke shi ta sallame shi”. Na farko yana barci da ido ɗaya a buɗe. Na biyu ya huta.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya ce

Ko da yake kalmar ba ta cikin fassarorin da muke karantawa, hoton da take ɗauke da shi yana ko'ina a Sabon Alkawari. Kalmar Helenanci da aka fi fassarawa da “gafartawa” ita ce aphiemi, wadda ma'anarta ita ce saki, ko barin bashi. A Luka 6:37, inda Ubangiji ya umarce mu mu yafe domin a yafe mana, kalmar ita ce apoluo, wadda kuma aka yi amfani da ita lokacin da Bilatus ya saki Barabbas daga kurkuku. Tushenta luo ne, kwancewa, kuma masana harshe sun nuna cewa luo ta Helenanci da solvere ta Latin da loose ta Turanci duk daga tsatso ɗaya suka fito.

Misalin da ke Matiyu 18:21-35 ya haɗa bashi da ɗauri wuri ɗaya. Sarki yana bin bawansa talanti 10,000. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari kuwa ladan aikin yini ɗaya ne, kamar yadda Matiyu 20:2 ya nuna. Bashin ya kama ladan kwana miliyan 60, wato aikin kusan shekara 200,000 ga mai aiki kwana 300 a shekara. Da bawan ya roƙi a ba shi lokaci, aya ta 27 ta nuna sarkin ya yi abu biyu: ya sake shi, ya kuma yafe bashin. Bai ɗaga masa ranar biya ba, bai rage masa wani kaso ba. Wannan bawa ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100, ladan wata uku da 'yan kwanaki, ya jefa shi kurkuku. An kwance shi da safe, kafin yamma ya ɗaure wani.

Akwai wani abin lura a Wahayin Yahaya 1:5. Wasu fassarori sun ce Almasihu ya wanke mu daga zunubanmu da jininsa, wasu kuma sun ce ya kwance mu. Dalili shi ne kalmomin biyu a Helenanci, lousanti da lusanti, harafi ɗaya ne ya raba su. Kofofin da suka fi tsufa suna da “kwance”, fassarar 1611 ta bi waɗanda suke da “wanke”. Babu abin da ya ɓata a koyarwa, gama Zabura 51 da 1 Yahaya 1:7 suna maganar wankewa sarai. Zunubi yana ƙazantar da mutum, yana kuma ɗaure shi, jinin Almasihu ya isa ga duka biyun.

To, wa yake da ikon kwancewa? A Markus 2:1-12 malaman Attaura sun yi gunaguni cewa Allah ne kaɗai yake gafarta zunubi, Yesu kuwa ya warkar da shanyayyen don ya nuna cewa shi yana da wannan iko. A Matiyu 16:19 da 18:18 da Yahaya 20:23 ya ba almajiransa hidimar ɗaurewa da kwancewa. Ikilisiyoyi sun bambanta a kan yadda ake gudanar da wannan hidima. Katolika da Otodoks suna riƙe da furci a gaban firist a matsayin sakramenti. Lutheran da Anglikan suna da furci da shelar gafara a tsarin sujadarsu. Wasu ikilisiyoyi kuma suna ganin cikarta cikin wa'azin bishara da horon ikilisiya. Amma duka sun yarda cewa gafara daga Allah take ta wurin Almasihu, kuma ba a sayenta. Bitrus ya tsawata wa Saminu mai sihiri da zafi a Ayyukan Manzanni 8:18-20 don ya zaci kuɗi zai sayi baiwar Allah. Duk wanda ya sa farashi a kan addu'ar kuɓutarwa a yau, ɗan'uwan mai jakar Chaucer ne, ko da wane suna ya kira baikon.

Ƙullin da ke hannunmu

Harshen Hausa ya san wannan hoto tun dā. Muna cewa an “ɗaure” mutum shekara biyar. Idan wani ya riƙe ɗan'uwansa a zuciya, muna cewa ya “ƙullace” shi, daga ƙulli. Muna kuma yafe bashi da laifi da kalma ɗaya, kuma karin magana ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Darasi na farko na mai tuba ne. Mutane da yawa sun furta zunubinsu ga Allah shekaru da suka wuce, amma suna rayuwa kamar wanda aka kori ƙararsa kawai, suna jiran ranar da za a sake kiran su. Romawa 8:1 da 8:33-34 sun nuna cewa babu sauran hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu Yesu, kuma babu mai ƙarar da zai iya tsayawa bayan Allah ya kuɓutar. Kolosiyawa 2:14 ta ce an soke takardar bashin, an kafa ta a kan gicciye. Maganar a rufe take.

Na biyu na wanda aka yi wa laifi ne. Sau nawa miji ko mata ke cewa “na yafe”, amma da zarar sabon saɓani ya taso, sai a ɗauko laifin shekara goma a shimfiɗa? Wannan ajiye ƙara ne har zuwa wani zama. Afisawa 4:32 ta ce mu yafe wa juna kamar yadda Allah ya yafe mana cikin Almasihu. Wannan bai hana mai laifi maido da abin da ya ƙwace ba, gama Zakka ya yi haka a Luka 19:8. Bai kuma hana a kai mai cutar da marasa ƙarfi gaban hukuma ba, amana kuwa takan ɗauki lokaci kafin ta dawo. Abin da ake saki shi ne haƙƙin ramuwa da riƙon zuciya.

Na uku na shugabannin ikilisiya ne. Ikon ɗaurewa da na kwancewa tare aka ba da su. Idan an sa ɗan'uwa a horo a gaban jama'a, ya kamata a san ranar da za a maido shi a gaban jama'a idan ya tuba. Bulus ya roƙi Korantiyawa a 2 Korantiyawa 2:6-8 su yafe wa wanda suka hora, su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Horon da ba shi da ƙarshe ya daina zama gyara.

Mai karatu, ka tambayi kanka yau ko akwai wanda igiyarsa take hannunka. Idan akwai, ka tuna da talanti 10,000 da aka yafe maka, ka je ka kwance shi. Ubangiji ya ba mu alherin yin haka. Amin.